Katin Inna a Aljihun Yaya

"Idan fasa aurena kake son yi, Awaisu, ka fito fili ka faɗa. Ba sai ka laƙa wa yayana sata ba."

Ni na faɗi wannan maganar, a zauren gidanmu, bayan la'asar, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Da hannu a ƙugu kuma na faɗe ta, don ni Mansura tun ina yarinya bakina ke riga hankalina fitowa.

Awaisu bai ɗaga murya ba. Haka Allah ya yi shi. Ko a bakin titin Dayi, inda yake wuni ƙarƙashin lema da na'urar POS yana cire wa mutane kuɗi, in wani ya zage shi don sabis ya ɗauke, haƙuri yake ba shi. Hularsa kawai ya cire ya ɗora a gwiwa.

"Zauna, Mansurata."

"Ba zan zauna ba."

"To ki tsaya, amma ki saurare ni. Na fi wata biyar ina juya maganar nan a cikina. Wallahi na fi ki jin nauyinta."

Ya zaro wasu 'yan takardu daga aljihu, irin siraran nan da na'ura ke fitarwa, an ɗaure su da roba. Na karɓa da yatsa biyu kamar za su cije ni.

"Karanta sunan da ke jiki."

Sunan Inna ne. Na buɗe ta biyu, sunan Inna. Ta goma ma haka.

"Duk ranar kasuwa sai Yaya Shitu ya zo mini da katinta," in ji shi. "Yau dubu ashirin, wani satin talatin. Da farko na ɗauka aikensa take yi. Jiya ya zo neman dubu goma kacal, na'ura ta ce babu."

"Babu me?"

"Babu kuɗin, Mansura."

"Ƙarya ne, sabis ne."

"Sau uku na saka."

"To me ya sa sai wajenka yake zuwa? Kai kaɗai ke da na'ura a Dayi?"

Ya yi wani murmushi marar daɗi. "Don ya san ni suruki ne. Ya san kunya ba za ta bar ni in buɗe baki ba. Kuma bai yi kuskure ba, ta daɗe tana riƙe ni... har sai da komai ya ƙare."

Sai a lokacin na zauna.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata," ya ce a hankali. "Ni ko da tabarma ɗaya aka kawo ki gidana, ina so. Ba kayan ɗaki nake ji ba. Gumin Inna nake ji."

Gumi kuwa Inna ta zubar da shi. Tun da Baba ya rasu shekara tara da suka wuce, gyaɗa ke riƙe da gidanmu. Inna ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli ta sake komawa bakin wuta. Wata Hajiya mai shago a Funtua ke kwashe man jarka-jarka duk sati biyu.

Da, a gwangwanin madara take tara kuɗinta a ƙarƙashin gado. Shekarar canjin kuɗi ta ji jiki, ta yi kwanaki tana zarya da tsofaffin takardu ba mai karɓa. Bayan nan ne matan unguwarmu suka haɗu suka tafi Malumfashi suka buɗe asusu a banki. Ma'aikaciyar ta nemi lambar waya, Inna ba ta da waya, aka ba da ta Yaya Shitu. Aka ce ta zaɓi lambar sirri, ta ce ita ba ta san boko ba, shi ya zaɓa. Katin ma ta ce ya ajiye, kar ya ɓace mata a cikin tunkuza. Daga nan Hajiyar Funtua ta daina aiko kuɗi a hannu, sai dai ta turo cikin asusun.

Za ku ce, kusan shekara uku ba ta taɓa tambayarsa nawa ya taru ba? Ba ta taɓa ba. Yaya Shitu ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama su yi hira, ko ido ba ta haɗawa da shi. In za ta ba shi tuwo, ni za ta ce wa, "Kai wa yayanki." Matar da ba ta iya ce masa sannu da zuwa ce za ta tsare shi ta ce ina kuɗina? Lissafinta a ka yake. Ta san jarka nawa ta fita, ta san abin da ya kamata a ce yana can. Da shi za a saya mini gado da katifa da kujeru, ragowar kuma ta sayi gyaɗar bana da kaka, lokacin da take araha. Wato jarinta ne na shekara guda.

Ni da na gama sakandare kuwa ni ce babbar sakarya. Na iya karanta alat ɗin banki, amma ban taɓa cewa, Yaya nuna mini wayarka ba. Muna ganin idonsa ja, muna jin labarinsa a shagon cacar ƙwallo, muna cewa Allah ya shirya.

Kafin Awaisu ya tafi sai da ya roƙe ni in bi a hankali, in fara samun Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta san yadda za ta ɓullo wa abin. Na ce to. Yana tayar da babur na faɗa gida da takardun a hannu.

Inna na tsakar gida tana tsame ƙuli daga kasko. Na zayyane mata komai ina haki. Ba ta ɗago ba.

"Wataƙila juya su yake yi," ta ce. "Namiji ba ya rasa hidima."

"Wace hidima, Inna? Yaushe rabon ya sayo ko gishiri a gidan nan?"

"Ki iya bakinki."

"To ki tambaye shi mana."

"Ni?" Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. "In ce mishi mi?"

Kamar an aiko shi, sai ga shi ya shigo yana jan silifa. Na sha gabansa.

"Yaya, nawa ne a asusun Inna?"

"Ke a wa?"

"A 'yarta. Ba ni wayarka in duba."

Marin farko ban ga zuwansa ba, sai dai na ji kunnena ya ɗauki ƙara. Na biyu ya kai ni ƙasa. Da na yi shiru a nan, da wataƙila ya tsaya. Amma na gaya muku halin bakina. Daga kwance na ce masa ɓarawo, ɓarawon uwarsa.

Ya zari muciyar Inna ya rufe ni da ita. Baya, ƙafa, hannu, duk inda ya samu. Na ɗaga wayata don in kare fuska, ya doke ta ta tarwatse a jikin bango. Inna ta taso tana zagaya mu.

"Kai... kai yaron nan... bari mana. Don Allah bari."

Ko a wannan lokacin, yana yi wa 'yarta dukan kawo wuƙa, bakinta ya kasa kama sunansa. Na ji haushinta a ranar fiye da zafin muciyar.

Ya ja da baya zai sake kawo duka, ƙafarsa ta ture kaskon. Tafasasshen mai ya malalo ya kama ni a dunduniya. Ihun da na yi ne ya jawo matan maƙwabta. Kafin su shigo ya sunkuya ya tsinci ɗaya daga takardun da suka watse a ƙasa, ya karanta samanta. Sunan Awaisu da lambar wayarsa ne a wurin.

"Af," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ashe surukin kirki ne."

Ya cusa takardar a aljihu ya fita. Na manta da ƙunar ƙafata. Ni da hannuna na kai masa sunan mutumin da ya ce in bi a hankali.

Washegari da hantsi ina zaune a bakin ƙofa, ƙafata a naɗe da tsumma, na gan shi ya shigo ya nufi bayan rumbu. Ya fito da addar Baba. Mutumin da ko ciyawar akuya bai taɓa yankowa ba, me zai yi da adda? Ba waya a hannuna, Inna kuma ta tafi niƙa. Na ja mayafi na bi shi ina ɗingishi.

Daga ƙauyen su Awaisu zuwa Dayi hanya ɗaya ce, kuma sai ta bi ta wani kwalbati a bayan garinmu, tsakanin gonakin dawa. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi tsawon mutum, ruwa ya cinye gefen kwalbatin, duk mai babur sai ya rage gudu a wurin. Yaya ya shige cikin dawa ya ɓace mini. Ina waige-waige sai na ji ƙarar babur ɗin da ko a mafarki na san shi.

"Awaisu, koma!"

Ya ji muryata, ya ɗago yana murmushi, har ya ɗaga mini hannu. A daidai nan Yaya ya faso daga cikin dawa.

Saran farko a kafaɗa ya same shi, babur ya kwanta da shi cikin taɓo. Na biyu kansa aka nufa. Awaisu ya ɗaga hannun dama ya tare. Na ji ƙarar, irin wadda ake ji a rumfar mahauta, kuma har gobe ban daina jin ta ba. Jakarsa ta faɗi, na'urar ta fito, Yaya ya bi ta da sara har ta yi gutsi-gutsi.

"Gobe ma ka sake fitar da takarda," yake cewa. "Munafuki."

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai tsinci kaina kwance a kan Awaisu, na rufe shi da jikina. Yaya ya ɗaga addar a kaina, bakinsa na kumfa.

"Sare ni," na ce. "Sare ni ka je ka gaya wa Inna."

Ya daɗe a haka. Can ya sauke.

"In kika faɗa wa wani, ke ce ta gaba."

Ya juya ya shige dawa. Na yage mayafina na ɗaure hannun Awaisu da shi, jini na tsartuwa ta cikin yadin. Yatsunsa uku suna cikin taɓo. Ina kuka ina tsince su ina zubawa a ɗankwalina, wai ko za a iya mayarwa. Shi kuwa abin da yake ta maimaitawa kenan, "Ƙafarki, Mansura... me ya sami ƙafarki?" Wata motar ɗaukar masara ce ta tsaya ta kwashe mu zuwa asibiti a Malumfashi.

Ba a iya mayar da yatsun ba. An ɗinke kafaɗar, an ƙara masa jini, ya kwana biyu bai san inda yake ba. Rana ta uku 'yan sanda suka zo, ina tsaye a bakin gadon tare da mahaifinsa. Suka tambaye shi wa ya sare shi.

"Fuskarsa a rufe take, ranka ya daɗe. Ban gane shi ba."

Suka juyo gare ni. Na buɗe baki, Awaisu ya kafe ni da ido. Na ce na iso bayan an gama. Suka rubuta fashi suka tafi. Da mahaifinsa ya fita raka su, na durƙusa a gefen gadon.

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Ke ma kin yi ai."

"Kar ka yi mini wasa, Awaisu."

"Inna ce za ta ba ni ke. In aka ɗaure mata ɗa a kaina, da wane ido za ta ƙara kallona? Ke kuma da wane ido za ki zauna da ni?"

"Yatsu uku fa... kuma ni na jawo maka."

"Saura bakwai. Sun isa riƙe ki."

Na kifa kai a gefen katifar na yi kuka har numfashina na sarƙewa. Wallahi ban taɓa son mutum kamar yadda na so shi a ranar ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Da na koma gida Inna na zaune a bakin murhun da ba wuta. Ta rame kamar ta yi jinyar wata guda. Ba ta bari na zauna ba.

"Na san wanda ya yi. Ba sai kin faɗa mini ba."

"To Inna..."

"Ki saurare ni, Mansura. Yaron nan mai na'ura ya rufa mana asiri, Allah ya saka mishi. Ke ma ki rufa. In kika kai yayanki wajen hukuma, ba ni ba ke. Ki je ki yi aurenki, amma ba da albarkata ba."

"Ya cinye miki gumin shekara uku. Ya nakasa mutumin da zan aura."

"Ni na haife shi."

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da ta ɗora mini. Mace ta tafi gidan miji ba gado ba katifa, abin magana ne na wata ɗaya. Ta tafi ba albarkar uwa kuwa, ni ban san yadda ake rayuwa da wannan ba. Sai na yi shiru. Na yi shiru kwana biyar, ina jinyar ƙafa, ina kai wa Awaisu kunu, ina gaya wa kaina ai shi ma haka ya zaɓa.

Rana ta shida Yaya ya dawo gida daga inda ya ɓuya, ko a jikinsa. Da safiyar nan Inna ta aike ni wajen maƙwabciya in buga wa Hajiyar Funtua waya, a ji ko ta turo kuɗin jarkokin ƙarshe, don ko gyaɗar kwano ɗaya ba ta rage a gidan ba. Hajiya ta ce tun shekaranjiya ta tura. Wato sun shiga aljihunsa su ma. Na dawo da wannan labarin a bakina, sai na iske shi a garke yana kwance awakin Inna guda biyu, abin da ya rage mata a duniya.

Inna ta taso ta kama igiyar. Ba ta dube shi ba, ta dai riƙe.

"Saki," ya ce.

Ta ƙara ƙanƙamewa.

"Na ce ki saki, tsohuwar nan."

Ya fizge, bai samu ba. Sai ya sa hannu biyu ya hankaɗe ta. Ta tafi taga-taga, bakinta ya haɗu da leɓen turmi. Ya ja awakin ya tsallake ƙafarta ya fita.

Na ɗago ta, jini ya wanke mata haɓa, haƙoranta biyu na gaba suna tafin hannunta. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambayar lafiya. Inna ta rufe bakin da gefen zane.

"Santsi ne," ta ce. "Mai ne ya zube."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ga yadda sauran rayuwarta za ta kasance: ta ƙone a bakin kasko, kuɗin su faɗa wayarsa, in ta riƙe igiya ya zubar mata da haƙori, ta ce santsi ne. Har ranar da zai hankaɗe ta ba za ta tashi ba. Na wanke mata bakin da ruwan gishiri, na kira Gwaggo ta zauna da ita, na ɗauki mayafi.

"Ina za ki?" Inna ta tambaya, maganar na fita da ƙyar.

"Malumfashi."

"Kin ji abin da na ce miki."

"Na ji, Inna. Gara ki tsine mini kina da rai."

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, a ranar aka kama shi a kasuwa, igiyar awakin na hannunsa. A kotu na faɗi komai, tun daga muciya har kwalbati, yana zaune yana nuna mini yatsa a wuya alamar yanka. Da aka kira Awaisu ya dube ni tukuna, ya ga ba sauran abin rufewa, sannan ya ce e, shi ne. Aka yanke wa Yaya shekara uku.

Inna ba ta tsine mini ba. Abin da ta yi ya fi tsinuwa ciwo, daina yi mini magana ta yi. Sati shida muna gida ɗaya, in na gaishe ta sai ta kau da kai, in tana son wani abu sai ta ce wa Gwaggo, "Ce wa waccan ta ɗebo ruwa." Na je banki in toshe katin, suka ce sai mai asusun ta zo da kanta. Na dawo na faɗa wa bango, don Inna tashi ta yi ta shige ɗaki. Hajiyar Funtua ce ta tausaya ta aiko mata da buhun gyaɗa ɗaya, da shi wuta ta sake kamawa a murhunmu. Wasu 'yan uwa suka ce na tona asirin gida a kan namiji. Na bar su da Allah, sai dai biyu daga ciki na ba su amsa daidai da su.

Awaisu ya sayar da babur ɗinsa ya karɓo sabuwar na'ura, ya koyi dannawa da hannun hagu. Sau biyu yana cewa a ɗaga bikin har Inna ta huce. Na ce a'a, in shekara goma za a jira ban san ko za ta huce ba.

Aka ɗaura aure bayan an gama girbin dawa. Gwaggo ta ba ni katifarta, matan unguwa suka haɗa mini tukwane da kwanuka. Kujeru kam babu, kuma na ji masu gulma suna ƙirga abin da ba a kawo ba. Ban damu da su ba. Ɗaki ɗaya kawai nake kallo tun safe, wanda labulensa bai motsa ba.

Da yamma mota ta zo. Gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Inna sallama, ta fita ta bar mu. Inna na zaune a bakin gado, ba ta yi kwalliya ba, ba ta sa lalle ba. Na durƙusa na kama ƙafarta.

"Inna, zan tafi."

Ta kau da kai.

"Inna, ko zagina ne ki yi in ji muryarki. Don Allah ki yafe mini. Wallahi ba don Awaisu na yi ba..."

Kuka ya ci ƙarfina. Na daɗe a haka, har na fid da rai, na fara yunƙurin tashi. Sai na ga tana kwance bakin zanenta. Ta fito da wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, da sabon kati, ta ajiye su a cinya.

"Ranar Talata Gwaggonki ta raka ni Malumfashi," ta ce, iska na fita ta gibin haƙoranta. "Na dangwala hannu, an kashe wancan. Yarinyar bankin ta ce in zaɓi lamba. Na ce ban san boko ba. Ta ce, Mama, ai kin san jarka nawa kike matsewa. Ta zaunar da ni ina dannawa ina gogewa, har hannuna ya riƙe."

"Inna..."

"Ban ce miki ciwon ya warke ba. Kullum na zuba tuwo sai na zuba da nashi, sannan in tuna. Ɗana ne. Amma da na buɗe baki na tambaye shi tun farko, da yana gida, da yaron mutane na da yatsunshi. Kunyata ta jawo, ba ke ba."

Ta ɗora hannu a kaina. Sati shida rabon da ta taɓa ni.

"In kin je, ki buɗe naki da sunanki. Wannan yaron da kike mutuwa a kai, yaron kirki ne, ki ba shi ranki in kina so. Lambar kuwa ko shi kar ki ba. Tashi ki tafi, Mansura. Na yafe miki. Allah ya yi miki albarka."

Ta juya fuska bango don kar in ga hawayenta, amma hannunta bai bar kaina ba har sai da Gwaggo ta shigo ta ɗaga ni.